Me ya sa zoɓo ke mutuwa a cikin sabulu, shuni kuma ya rayu?

Kusan duk wadda ta fara koyon haɗa sabulun wanka a gida, idan aka ce ta sa masa launi daga tsiro, zoɓo ne ke fara zuwa mata a rai. Dalilin a fili yake: ga shi ja wur, ga araha, ga shi a kowace kasuwa. Sai ta dafa shi ya yi kauri, ta tace, ta zuba a cikin haɗin tana jiran sabulu mai launin jan yaƙutu. Kafin ta gama juyawa jan ya gudu. Ya koma kore-kore mai duhu, daga nan ya zama ruwan toka, bayan kwana biyu kuma abin da ke cikin mazubin ya fi kama da ruwan kwata. Wasu sukan ce an yi musu baki, wasu su ce zoɓon ne ba mai kyau ba. Zoɓon lafiyarsa ƙalau. Soda ce ta yi aikinta, kuma wanda bai fahimci halin soda ba zai yi ta asarar mai yana ɗora wa tsiro laifi.

Sabulu dai ba komai ba ne illa abin da ke fitowa idan mai ya haɗu da ruwa mai kaifin kanwa. Kakanninmu sun san wannan tun kafin a zo da soda a buhu: a ƙona kara ko ɓawo, a tace tokar, a dafa ruwan da mai. Haka ake yin sabulun salo har gobe, wanda Yarbawa ke kira ose dudu, a Gana kuma ake ce masa alata samina, da tokar ɓawon koko ko na ayaba. Sai dai sinadarin da ke cikin tokar tsiro fotasiyam ne, shi ya sa sabulun salo yake da laushi, ana iya mulmula shi da hannu. Sabulu mai tauri da ake yankawa gunduwa-gunduwa sodiyam yake bukata, wato sodar nan mai ƙuna da 'yan kasuwa ke kira kostik. Wani masanin sinadarai ɗan Faransa, Michel Chevreul, shi ya fayyace abin da ke faruwa a littafinsa na 1823: soda tana raba mai gida biyu, kashi ɗaya ya haɗu da ita ya zama sabulu, ɗaya kashin ya fita a matsayin gilisarin, wani ruwa mai kauri da ke riƙe danshi. Manyan masana'antu da yawa sukan cire gilisarin ɗin su sayar daban. Na gida a ciki yake zama, kuma yana daga cikin abin da ke sa shi daɗi a jiki.

Akwai ma'aunin da ake kira pH, daga 0 zuwa 14, ƙasa tsami, sama kaifin kanwa. Zoɓon sha yana wajen 3 ko ƙasa da haka. Ɗanyen haɗin sabulu, lokacin da aka zuba ruwan soda a mai, yana wajen 13 zuwa 14, kuma ko bayan ya nuna ba ya sauka ƙasa da 9 zuwa 10. Launin zoɓo sinadari ne da ake kira antosayanin, wanda ke sauya kama gwargwadon inda ya sami kansa. Ana iya gwadawa a madafa ba tare da an ɓata ko cokali ɗaya na mai ba: a raba zoɓo kofi biyu, a matse lemun tsami a ɗaya, a jefa kanwa a ɗayan. Na farko zai ƙara ja, na biyu zai yi duhu ya karkata wajen shuɗi da kore. Soda ta fi kanwa kaifi nesa ba kusa ba, don haka ba sauya launin kaɗai take yi ba, ruguza shi take yi gaba ɗaya. Abin da ke samun zoɓo shi ke samun yawancin furanni da 'ya'yan itace masu ja ko shunayya. Masu barbaɗa busassun furannin labanda a sabulu don ado su ma sun sha mamaki, domin bayan mako guda abin yakan zama baƙi-baƙi kamar kashin ɓera.

To, waɗanne launuka ne ke tsallake wannan siraɗin?

Sarkinsu shuni. Wanda ya taɓa leƙa marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, ya san da toka ake haɗa ruwan baba. Shuni ɗan gida ne a wajen kaifin kanwa, a cikinsa yake aiki tun fil azal, saboda haka soda ba ta ba shi tsoro. Ba ya narkewa a ruwa, ƙananan ƙwayoyi ne da ke bazuwa cikin sabulun su zauna, ya ba da shuɗi daga mai haske kamar sararin sama har zuwa mai duhun rawanin Buzaye, gwargwadon yawan da aka sa. Kaɗan yake so. Rubu'i zuwa rabin ƙaramin cokali a kan mai giram 500 ya isa a yawancin lokuta, kuma idan aka zarce, kumfar za ta fito shuɗiya ta rina tawul. Abu biyu ke tuntuɓe mutane a nan. Na farko, garin ganyen baba kore da ake sayarwa don rina gashi daban yake da shunin da aka riga aka fitar. Na ganyen yakan ba da kore mai ruwan toka. Na biyu, tun 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka ƙera a masana'anta, kuma yawancin abin da ke yawo a kasuwannin duniya yau shi ne. Sinadarin iri ɗaya ne, amma wadda za ta rubuta wa mai saye cewa launinta na tsiro ne ya kamata ta san daga ina nata ya fito.

Bayan shuni sai dangin launin da ke cikin manja da karas, wato karotin. A mai yake narkewa, kuma soda ba ta yi masa illa sosai. Ga mu nan Afirka ta Yamma wannan kyauta ce, domin abin da masu sabulu a Turai ke saye da tsada yana nan a galan a bakin titi. Ɗan manja kaɗan a cikin haɗi yana ba da ruwan ɗorawa mai laushi, a ƙara ya koma ruwan goro. Idan ya yi yawa, kumfa za ta yi rawaya. Haka 'ya'yan anato, wata bishiya da asalinta yankin Amurka mai zafi ne, waɗanda ake jiƙawa a mai su saki launin lemu mai ƙarfi.

Kurkum labarinsa ya fi ban sha'awa. Da ya taɓa soda sai ya juye ja mai duhu, har mai haɗi ta tsorata. Wannan halinsa ne, a Indiya ma da kurkum da farar ƙasa mai kaifi ake yin jan garin da mata ke ɗigawa a goshi. Yayin da sabulun ke nuna, jan yakan ja da baya ya bar launi tsakanin ɗorawa da ƙasa-ƙasa. Matsalarsa rana: sabulun kurkum da aka ajiye a taga zai koɗe cikin 'yan makonni.

Kore shi ne ciwon kan kowa. Garin zogale yana ba da kore mai kyau a ranar yanka, kuma akwai dalili. Kaifin kanwa yana riƙe koren ganye na ɗan lokaci, abin da duk mai jefa kanwa a miyar kuɓewa ko ta lalo ta sani. Amma haske da iska suna cin wannan koren a hankali, sai ka ga bayan wata biyu ko uku ya koma launin busasshiyar ciyawa. Masu dabara ba sa dogara da ganye. Sukan haɗa shuni da mai mai launin ɗorawa, shuɗi da rawaya su ba da koren da ya fi daɗewa. Baƙi kuwa daga gawayi ake samunsa, irin wanda aka tace aka niƙe liƙis, ba na murhu ba, wanda zai kankare fata kamar yashi. Garin koko, wanda ake yin cakulan da shi, yana ba da ruwan ƙasa mai zurfi kuma ba ya gudu. Lalle, duk da jan da yake yi a hannu, a sabulu ƙasa-ƙasa mai ratsin kore yake bayarwa, domin jan nasa sai ya kama fata ko gashi yake bayyana. Ja na gaskiya shi ne mafi wuya. Abin da ya fi kusa shi ne saiwar wani tsiro da ake kira mada, wadda aka daɗe ana rini da ita a Turkiyya da Indiya, tana ba da ruwan hoda zuwa ja mai duhu. Majigi, jan itacen da ake sa wa wasu sabulan salo, yakan ba da ja mai karkata zuwa ƙasa-ƙasa.

Yadda ake shigar da launin ma yana sauya sakamako. Idan aka zuba gari kai tsaye, sabulu yakan fito da ɗige-ɗige, wani lokaci da kaushi. Idan ana son launi sumul, sai a jiƙa garin a mai a cikin kwalba, a bar shi mako huɗu zuwa shida ana girgizawa, ko a ɗora kwalbar cikin ruwan ɗumi na 'yan sa'o'i, sannan a tace da ƙyalle. Wannan man mai launi ana lissafa shi cikin jimlar man haɗin, ba ƙari ba ne a kai. Gawayi da shuni da koko kuwa, dama su ake yi da ɗan mai a ƙaramin kofi har gudaji su mutu kafin su shiga. Akwai kuma abin da mutane ke mantawa: launin man kansa. Man zaitun mai kore, ko man kaɗe mai rawaya, zai ja shuni zuwa kore ko da ba a so. Mai neman shuɗi tsantsa sai ya nemi mai fari.

A nan dole a tsaya a kan awo, domin ado ba ya gyara sabulun da soda ta yi wa yawa. Kowane mai yana da adadin sodar da yake ci. Giram ɗaya na man kwakwa yana cin kusan 0.183 na giram ɗin soda, manja 0.142, man zaitun 0.135, man kaɗe 0.128. A ɗauki haɗin kilo ɗaya: zaitun 400, kwakwa 250, manjan da aka kashe wa launi 250, man kaɗe 100. Idan aka buga lissafi, sodar da za ta cinye shi kaf ta kai giram 148. Ba a sa duka. Ana rage kashi 5 cikin ɗari don a bar ɗan mai da zai tausasa fata, ya kuma zama kariya idan sikeli ya yi kuskure, sai a tsaya a wajen 140, da ruwa kamar giram 280. A wuraren koyar da sana'a da yawa a Najeriya ana koyar da wata hanya: a jiƙa soda kwana ɗaya ko biyu, a auna ta da haidiromita, na'urar auna nauyin ruwa, har ta nuna 1275, sannan a auna mai da kofi. Wannan adadin yana nufin soda ta kai kusan kashi 25 cikin ɗari na ruwan. Hanyar tana aiki ga sabulun wanki da ake yi da mai iri ɗaya, amma a ganina ba ta dace da sabulun wanka mai mai uku ko huɗu ba, domin kofi ba ya bambanta man da ke cin soda da yawa da wanda ke cin kaɗan. Sikeli mai nuna giram ya fi duk wani kayan ado muhimmanci.

Soda ba abar wasa ba ce. Ita ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kanta, domin tana iya tafasowa ta fantsama. Ruwan yakan yi zafi har kusan digiri 90 nan take, yana fitar da tururi mai shaƙe maƙogwaro, don haka a fili ake haɗawa, da safar hannu da tabarau, yara kuma a nesa. Tukunyar dalma ko duk wani abu na alminiyam haramun ne a wannan aiki, soda tana cin sa tana fitar da iskar da ke kama wuta. Roba mai kauri ko ƙarfen da ba ya tsatsa ake amfani da shi. Idan ta taɓa fata, ruwa mai yawa ake sakar wa wurin na tsawon mintuna.

Sai zane, inda gizo ke saƙa. Waɗancan layuka masu murɗewa kamar marmara da ake gani a hotuna ba fenti ba ne, ba kuma bayan sabulu ya bushe ake yin su ba. Ana yin su ne a cikin 'yan mintunan da haɗin ke tsakanin ruwa da tauri. Duk macen da ta taɓa tuƙa tuwo ta san wannan tafiyar. Da farko haɗin tsululu ne kamar farau-farau, mai da ruwan soda sun haɗu ba sa rabuwa amma ba kauri. Daga nan ya zama kamar koko, idan aka ɗaga ludayi aka ɗiga, ɗigon zai bar ɗan sawu a sama kafin ya nutse. Sai ya kai talge, sawun ya zauna daram. Daga talge kuma sai tuwo, wanda ba a zubawa sai dai a kwasa. Kowane zane da matakin da yake so. Idan aka zuba launuka suna tsululu sosai, za su cakuɗe su zama launi ɗaya marar suna. Idan aka bari suka kai tuwo, sai dai a danna su a mazubi, su bar ramukan iska.

Mafi sauƙi shi ne murɗi a cikin roba. A raba haɗin, a sa wa kashi ɗaya ko biyu launi, a mayar da su cikin babbar robar a wurare daban-daban, a zagaya da muciya sau ɗaya tak, a juye a mazubi. Zubawar ce ke yin zanen. Wannan sau ɗayan shi ne jarrabawar, domin hannu yakan so ya ƙara, kuma zagaye na uku ya isa ya mayar da aikin kunu. Wani salon kuma a fara zuba farin a mazubi, sannan a ɗaga kofin mai launi sama a tsiyayo shi siriri. Gwargwadon nisan da aka ɗaga, gwargwadon zurfin da launin zai nutse, idan an yanka sai a ga siffofi kamar ɗigon hawaye. Akwai masu lanƙwasa wayar rataye kaya daidai tsawon mazubi, su nutsa ta cikin launukan da aka jera hawa-hawa, su zagaya da ita sama da ƙasa. Babu mai ganin abin da ya faru a ciki sai ranar yanka. Akwai salon da ake kira na Taiwan, inda ake raba mazubi da kwali a tsaye, a cika kowane layi da launinsa, a zare kwalin, a bi da tsinken tsire ana kai da komo. Idan haɗi ya riga ya kai talge, ba a fasa ado ba: a zuba hawa ɗaya, a barbaɗa garin koko ko gawayi ta rariya siriri, a zuba hawa na biyu, sai layi ya fito kamar an ja da fensir. Garin idan ya yi kauri, sabulun zai rabe gida biyu daga wurin.

Abin da mai zane ke nema shi ne lokaci, kuma abubuwa da yawa suna sace shi. Na'urar markaɗe ta hannu tana yin aikin awa guda cikin minti biyu, shi ya sa ake kunna ta daƙiƙa kaɗan a kashe, a ci gaba da muciya. Mai mai daskarewa, irin su man kaɗe da manja, yana saurin kauri, zaitun yana jinkirtawa. Zafi yana gaggautawa. Rage ruwa yana gaggautawa. Turare shi ne babban maci amana: man kanumfari da na kirfa suna iya mayar da koko tuwo kafin a ɗauko kofi na biyu, wasu turarukan kwalba masu barasa a ciki ma haka. Duk turaren da ke da banila zai mayar da farin sabulu ruwan ƙasa cikin makonni, ya binne zanen da aka sha wahala a kai.

Yanayinmu ma yana da nasa hukuncin, abin da darussan da aka shirya a ƙasashen sanyi ba sa la'akari da shi. Masu sabulu a can suna lulluɓe mazubi da bargo don sabulu ya yi zafi daga ciki har ya zama kamar kakide, matakin da ke sa launin tsiro ya fito da ƙarfi, musamman shuni da mada. A Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, wanda ya lulluɓe sabulu da bargo zai tarar ya tsage ta tsakiya ko ya kumbura ya yi ambaliya, balle idan da zuma ko madara a ciki. Inuwa da iska yake so a lokacin. Da hunturu kuma akasin haka ne. Man kaɗe yana iya fara daskarewa da ruwan soda mai sanyi ya taɓa shi, mai haɗi ta ɗauka kauri ne ya zo, alhali mai ne kawai ya sandare, ta zuba, daga baya ta ga sabulu da fararen gudaji. Zafin da bai game ko'ina ba kuma yakan bar da'ira mai duhu a tsakiyar kowace gunduwa. Farin garin da ke fitowa a saman sabulu kamar hazo, soda ce da ta haɗu da iska, ba ya cutarwa amma yana dushe launi. Rufe saman mazubin da leda yana rage shi, wanda ya fito kuma ana goge shi da ɗanyen ƙyalle.

Bayan kwana ɗaya ko biyu ake cirewa a yanka, kuma yankan ma zaɓi ne, domin zanen tsinke a kwance yake fitowa, na waya kuma a tsaye. Sannan a jera gunduwoyin a inda iska ke ratsawa, ba rana, mako huɗu zuwa shida. Soda takan gama aikinta a kwanakin farko, sauran lokacin ruwa ne ke fita, sabulu ya yi tauri ya daɗe a banɗaki.

Wadda ke son kwalliya ta biya kuɗin sabulu, wato ta kai shi kasuwa, akwai abu biyu a gabanta. A Najeriya sabulun wanka yana cikin kayan da hukumar NAFDAC ke yi wa rajista. Sannan akwai jarabar yi wa launi ƙarin gishiri, a ce na kurkum yana haska fata, na zogale yana maganin ƙuraje. Cokali ɗaya na gari da ya kwana cikin soda, aka kuma wanke shi daga jiki cikin minti guda, ado ne, kuma ado ya isa a sayar da shi da sunansa. Hoton talla ma gara a ɗauke shi bayan mako shida maimakon ranar yanka, domin launin bayan mako shidan shi ne wanda mai saye za ta buɗe a gidanta. Daga kowane zubi a ware gunduwa biyu, ɗaya a naɗe a takarda a sa a akwati, ɗaya a bar ta a kan taga, a rubuta kwanan wata da awon da aka yi a jikin kowace, a dawo a duba su bayan wata uku.